Dostoyevski: Sunan da Ƙauye Ɗaya Ya Haifa

A ranar 6 ga Oktoba, 1506, Yarima Fiyodor Yaroslavich, mai mulkin Pinsk, ya sa aka rubuta takardar kyauta ga wani bafadensa mai suna Danila Irtishch. Cikin abin da aka ba shi har da wani yanki na ƙauyen Dostoyevo, wanda ke zaune tsakanin kogin Pina da kogin Yaselda, a dausayin Polesiya mai yawan fadamu da dazuzzuka. A yau wurin yana cikin lardin Brest, kudu maso yammacin Belarus, amma a wancan zamani ƙasar Daular Lituwaniya ce. Danila da sunansa na Irtishch ya karɓi takardar. Zuri'arsa ce aka fara rubutawa da sunan ƙauyen, ana ce musu Dostoyevski, wato mutanen da Dostoyevo take hannunsu. Shekara 315 bayan wannan kyauta, a ranar 11 ga Nuwamba, 1821, aka haifi Fiyodor Mikha'ilovich Dostoyevski a Mosko, marubucin da ya sa sunan ya shiga kowace jami'a a duniya. Sunan ya shahara ƙwarai, amma masu amsa shi kaɗan ne, kuma tun asali ba su taɓa yawa ba. Ra'ayina shi ne wannan suna shaidar mallakar ƙasa ce, ba bayanin hali ba, ba kuma tambarin ƙabila ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin ƙarancinsa, zai kuma gane abin da ya sa jayayyar da ƙasashe huɗu ko biyar ke yi a kansa ba ta da tushe mai ƙarfi.

Sai mun fara da yadda mutanen wannan yanki ke gina suna. A Rasha mutum suna uku yake da shi: nasa na yanka, na ubansa, da na dangi. Fiyodor shi ne na yanka, Mikha'ilovich na nufin ɗan Mikha'il, Dostoyevski kuma na dangi, wanda idan mace ce sai ya koma Dostoyevskaya. Mafi yawan sunayen dangi na Rashawa da ɗafa-ƙeyar -ov ko -ev ko -in suke ƙarewa, kuma daga sunan wani kaka ko sana'arsa ko laƙabinsa suke fitowa. Ivanov zuri'ar wani Ivan ce, Kuznetsov zuri'ar maƙeri, Popov zuri'ar limamin coci. Tun da babu ƙauyen da ba shi da Ivan, babu kuma wanda ba shi da maƙera, waɗannan sunaye sun tsiro a wurare dubbai a lokaci guda, ba tare da wata dangantaka ta jini tsakanin masu su ba. Ɗafa-ƙeyar -ski kuwa aikinta daban ne. A Polan da Lituwaniya ita ce ke manne wa sunan wuri ta mai da shi sunan mutum, kuma a ƙarni na 15 da na 16 masu ƙasa ne ke ɗaukarta. Mai karatu Bahaushe zai tuna da Shehu Shagari ko Aminu Kano ko Sa'adu Zungur, waɗanda sunan gari ya bi su. Akwai kamanci, amma bambancin ya fi shi muhimmanci. A ƙasar Hausa duk ɗan gari yana iya jingina kansa da garinsu, ɗan sarki da ɗan talaka. A Pinsk ta 1506 manomin da aka haifa a Dostoyevo, ya yi noma a can har ya mutu, ba shi da hakkin zama Dostoyevski. Sunan na mai takarda ne.

Daga nan ƙarancin ya samo asali. Suna kamar Kowalski, wanda yake cikin mafi yawa a Polan, ƙauyukan da ake kira Kowale suna da yawa, sana'ar ƙira da ke bayansa kuma tana ko'ina, saboda haka ƙofofin shigarsa ba su ƙirguwa. Dostoyevski ƙofa ɗaya gare shi: ƙauye guda, gida guda, layin maza guda. Mace idan ta yi aure sunan mijinta take ɗauka, don haka kowace 'ya da aka aurar ta fita daga lissafi ke nan. Babbar damar da sunayen dangi suka samu ta yaɗuwa a Daular Rasha ta zo ne bayan 1861, lokacin da Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta manoman da ke ɗaure da gonakin iyayengijinsu. Miliyoyin mutanen da ba su da sunan dangi a hukumance suka shiga rajista a shekarun da suka biyo baya, akasarinsu da sunan uba ko na kaka, wasu da sunan tsohon ubangijinsu ko na ƙauyensu. Wannan ambaliya ba ta amfani sunan Dostoyevski da wani abin kirki ba, domin gidan ya daɗe da rabuwa da ƙauyensa na asali, abin da mahaifin marubucin ya mallaka a Rasha kuma ƙananan ƙauyuka biyu ne kawai a lardin Tula.

Mai musu na farko zai ce ai sunan yana da ma'ana, kuma ma'anar mai kyau ce. Gaskiya ne kunnen Barashe yana jin kalmar dostoyin a cikinsa, wadda ke nufin wanda ya cancanta, da dostoyinstvo, wato mutunci. Masu binciken sunayen wurare ma sun kawo bayanin cewa ƙauyen ya samu sunansa daga wani rukunin barorin yarima da ake kira dostoyniki, waɗanda aka zaunar a wurin. Wannan bayani ya shiga hankali, ko da yake hasashe ne na masana harshe, ba abin da wata takarda ta faɗa ba. Amma ko da ya tabbata, yabon na ƙauyen ne, ko na barorin da suka riga Danila zama a can. Bai ce komai game da halin gidan da ya karɓi wurin daga baya ba. Mu da muka taso muna jin cewa suna linzami ne, zuciyarmu tana son ta ga alaƙa tsakanin "mutunci" da marubucin da ya ƙare rayuwarsa yana rubutu kan wulaƙantattu da mutuncin ɗan Adam. Na fahimci wannan sha'awa, amma ba hujja ba ce. Takardun kotunan Pinsk da Volin na ƙarni na 16 da na 17 sun nuna masu wannan suna a matsayin ƙananan masu ƙasa irin na zamaninsu: wasu sun riƙe muƙaman gunduma, wasu sun shiga aikin coci, wasu kuma an kai su ƙara kan rikicin iyaka da kai wa maƙwabta hari. Ba su fi kowa ba, ba su kuma gaza kowa ba.

Mai musu na biyu zai koma bayan 1506, ya ce asalin gidan na Tatar ne. Labarin da ake bayarwa shi ne wani babban mutum mai suna Aslan Chelebi Murza ya bar daular Tatar ta Golden Horde a 1389, ya zo wurin Yarima Dimitri Donskoi na Mosko, ya karɓi Kiristanci, ɗansa kuma aka yi masa laƙabi da "mai faɗin baki", daga nan sunan Rtishchev ya fito. Sai a ce Irtishch na Danila da Rtishchev abu ɗaya ne. Akwai abin da ke ƙarfafa zaton cewa gidan Danila daga ɓangaren Mosko ya zo, domin mahaifin Yarima Fiyodor da kansa ɗan gudun hijira ne wanda ya tsere zuwa Lituwaniya a 1456 bayan da Vasili na Biyu na Mosko ya kama ubansa, kuma yarima ba ya gudu ba tare da bafadawa ba. Sai dai labarin Aslan daga littafin nasabar gidan Rtishchev ya fito, irin littattafan da manyan gidajen Mosko suka riƙa miƙa wa hukuma a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da kusan kowane gida ke neman kakan da ya zo daga wata ƙasa da daraja. Igiyar da ta ɗaure Danila da wannan nasaba kamancin suna ne kawai. Ko ma an yarda da ita, ba ta taɓa batunmu ba, domin sunan Dostoyevski bai wanzu ba kafin a ba da ƙauyen. Duk abin da ya gabaci wannan rana tarihin wani suna ne daban.

Abin da ya biyo bayan kyautar ya fi almarar ban sha'awa, domin yana nuna yadda gida ɗaya ke sauya harshe da coci da sarki alhali sunansa yana nan yadda yake. A shekarun 1570 ana samun wani Fiyodor Dostoyevski yana tsaya wa Yarima Andirei Kurbski a harkokin shari'a. Kurbski shi ne babban kwamandan da ya guje wa Sarki Ivan na Huɗu a 1564, aka ba shi Kovel a Volin, ya riƙa aika wa tsohon ubangijinsa wasiƙu masu zafi. A 1569 yarjejeniyar Lublin ta haɗe Polan da Lituwaniya suka zama tarayya guda. A 1596 kuma, a birnin Brest da ba shi da nisa da Dostoyevo, wasu shugabannin cocin Otodoks suka amince su koma ƙarƙashin Paparoma amma su riƙe tsarin ibadarsu na gabas, abin da ya haifar da cocin da ake kira Uniyat. Wannan ya raba gidaje da yawa, har da wannan. Wasu rassan suka koma Katolika suka rungumi harshen Polan, suna rubuta sunansu Dostojewski, wasu suka tsaya a Otodoks. Yaƙe-yaƙen tsakiyar ƙarni na 17, tun daga tawayen Kosak na 1648, sun ragargaza yankin. Kafin ƙarnin ya ƙare Dostoyevo ta fita daga hannun masu sunanta, su kuma suka gangara kudu, Volin da Podoliya, ƙasar Yukren ta yau, dukiya na raguwa, suna na nan.

A Podoliya ne muke samun kakan marubucin, Andirei, limamin cocin Uniyat a ƙauyen Voitovtsi. A 1793, lokacin rabon Polan na biyu, Rasha ta haɗiye yankin, ba da daɗewa ba kuma aka mayar da yawancin cocin Uniyat na wurin zuwa Otodoks. Ɗan Andirei, Mikha'il, an sa shi makarantar limamai don ya gaji uba, amma a 1809 ya tafi Mosko ya shiga makarantar koyon aikin likita. Ya yi aiki a asibitocin soja lokacin yaƙin Napoliyon na 1812, ya auri Mariya Nechayeva, 'yar gidan 'yan kasuwa, sannan a 1821 ya kama aiki a asibitin Marinski na talakawa. Iyalin a wani sashe na ginin asibitin suke zaune, a unguwar Bozhedomka da ke gefen gari, inda a da ake binne waɗanda ba su da mai binne su. Yaran suna wasa a lambun da marasa lafiya ke fitowa shan iska. Ga abin da na ɗauka hujja mafi ƙarfi a duk wannan tarihi: a 1828 aka rubuta Mikha'il da 'ya'yansa maza a littafin masu daraja na Mosko, amma ba don ya kawo takardar 1506 ba. Matsayin da ya kai a aikin gwamnati ne ya ba shi wannan hakki, bisa tsarin matakan muƙami da Sarki Bitrus Babba ya kafa a 1722. Sunan da aka ƙirƙira don ya nuna mai ƙasa ya iso Mosko a jikin ɗan limamin ƙauye wanda ba shi da ko taƙi ɗaya, sai da ya yi shekaru yana duba marasa lafiya kafin ya sayi Darovoye, ɗaya daga ƙauyukan nan biyu na Tula, a 1831.

Akwai musu na uku, kuma shi ne ya fi cancantar a saurare shi. Takardun da ke haɗa masu ƙasar Pinsk da limaman Podoliya suna da giɓi a ƙarni na 17 zuwa farkon na 18. Mikha'il Volotskoi, wanda ya wallafa tarihin gidan a Mosko a 1933, bai iya cike shi ba, masu bincike na baya kuma sun rage faɗinsa ne kawai. Ga shi kuma a Rasha akwai wata hanya daban da sunaye masu -ski ke fitowa. Makarantun limamai sun saba raɗa wa ɗalibai sabon sunan dangi, daga bukukuwan coci kamar Uspenski da Voznesenski, ko daga kyawawan halaye, kamar yadda Mikha'il Speranski, ɗan limamin ƙauye da ya zama babban mashawarcin Sarki Alekzanda na Ɗaya, ya samu nasa daga kalmar Latin mai nufin fata. To me zai hana a ce Dostoyevski na Podoliya irin wannan ne, wani malami ya ga yaro ya cancanta ya raɗa masa? Abubuwa uku ne suka hana. Al'adar raɗa suna ta makarantun Rasha ce, Podoliya kuwa tana ƙarƙashin Polan har 1793, kuma kakan marubucin yana ɗauke da sunan tun kafin nan. A ƙasashen tarayyar Polan abu ne sananne ƙananan masu daraja da suka talauce su shiga aikin coci da sunan gidansu. Na uku, ƙarancin sunan da kansa shaida ne. Da Ivanov ne, samun mutum biyu masu shi a larduna biyu ba ya nuna komai. Amma suna mai ƙofa ɗaya, da aka gan shi a Pinsk, aka gan shi a Volin, sannan ya bayyana a Podoliya, yana bin hanyar da ƙananan masu ƙasa suka bi zuwa kudu, ya fi kusa da a ce zuri'a ɗaya ce. Ban ce an tabbatar da kowane uba da ɗansa ba. Na ce sauran bayanan sun fi wannan buƙatar zato.

Yanzu ga jayayyar ƙasashe. 'Yar marubucin, Liyubov, ta wallafa littafi a kan mahaifinta da Jamusanci a Munich a 1920, inda ta dage cewa gidansu 'yan Lituwaniya ne, har ta riƙa bayyana halayensa da wannan jini. Kuskurenta na fahimtar kalma ne da ya zama kuskuren tarihi. Daular Lituwaniya ta 1506 ƙasa ce mai faɗi wadda akasarin mutanenta Slav ne mabiya Otodoks, harshen ofisoshinta kuma Ruteniyanci ne, kakan harsunan Belarus da Yukren na yau. Dokokin daular na 1529 da 1566 da 1588 duk da shi aka rubuta su. Zama ɗan Lituwaniya a wancan lokaci zama talakan wani sarki ne, ba zama ɗan wata ƙabila ba. Irin wannan amsa ce ta dace da sauran masu da'awa. Belarus tana da ƙauyen, Yukren tana da kakan, Polan tana da salon sunan da rassan da suka koma Katolika, Rasha tana da mutumin da harshensa da littattafansa. Kowace tana da gaskiya a abin da ke hannunta, kowace kuma ta yi ƙari idan ta ce sunan ya ba ta marubucin. Shi kansa Barashe ya ɗauki kansa, mai kishin Otodoks. A littafinsa na ƙarshe, 'Yan'uwan Karamazov na 1880, ya zana mutanen Polan da mummunar siffa, ya kuma kai wa cocin Roma suka mai tsanani, alhali kakansa a ƙarƙashin Paparoma ya fara limanci. Wannan abin baƙin ciki ne a wurina, domin mutumin da ya ga zurfin zuciyar mai laifi fiye da kowa bai yi wa maƙwabtan gidan kakanninsa irin wannan adalci ba. Amma yana tabbatar da abin da nake faɗa: sunan bai ɗauko masa aƙida ko ƙabila daga Pinsk ba.

Ko darajar da ubansa ya samo ba ta zauna lafiya ba. A 1849 aka kama Fiyodor tare da 'yan da'irar Petrashevski, masu ra'ayin sauyin siyasa, aka tsayar da su a dandalin Semyonov na San Fitasbag kamar za a harbe su, sannan aka karanta sassaucin sarki. An tuɓe masa darajar gida, ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk a Saberiya, sai a 1857 aka mayar masa da ita.

Layin da ya bari ma siriri ne, kuma a nan ana ganin yadda irin wannan suna ke tafiya a bakin gaɓa. 'Yan'uwansa mata uku da suka girma sun koma sunayen mazajensu. Agolansa, ɗan matarsa ta farko, ya ci gaba da amsa Isayev. Matarsa ta biyu, Anna, ta haifa masa 'ya'ya huɗu. Sonya ta rasu a Janeba a 1868 tana dab da cika wata uku, Alyosha ya rasu a 1878 bai cika shekara uku ba, Liyubov ta rasu a arewacin Italiya a 1926 ba ta bar ɗa ba. Fiyodor ƙarami ne kaɗai ya ba da sunan gaba, shi ma ɗansa ɗaya ne ya rayu ya yi zuri'a, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu ya rasu a 1968. Tattaɓa-kunnen marubucin ya yi shekaru yana tuƙa taragon lantarki a titunan Leningrad. Tsara bayan tsara, namiji ɗaya ne ke riƙe da sunan a wannan reshe, ta yadda rasuwar yaro guda a cikin yunwa da annobar shekarun 1920, ko a fagen daga a 1940 da wani abu, da ta isa ta yanke shi. A halin yanzu tituna da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mosko da San Fitasbag, da jami'ar Omsk, duk suna amsa wannan suna, sai dai alluna ne, ba mutane ba.

Dostoyevo tana nan a gundumar Ivanava, ƙauyen manoma, mutanen wurin suna kiranta Dastoyeva a harshen Belarus. Makarantar ƙauyen tana ɗauke da sunan marubucin, tana da ɗakin adana tarihinsa, an kuma kafa masa mutum-mutumi, ko da yake shi bai taɓa taka wurin ba. Mutanen ƙauyen suna da hakkin wannan alfahari, domin su ne suka ba da sunan. Mai neman asalin sunan sai ya nufi Pinsk da takardar 1506, mai neman asalin marubucin kuma sai ya nufi asibitin talakawa na Bozhedomka da kurkukun Omsk.